Kofi na Biyu a Garejin Ubbo

Ƙarfe bakwai na safe Ubbo Saathoff yake ɗage ƙofar garejinsa a ƙauyenmu, can bayan garin Aurich, kuma kafin ya taɓa sifana sai ya ɗora buta a wuta. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Jibga-jibgan motocin nan yake gyarawa, tsofaffin motocin kaya da mutane ke mayarwa gida, da gado da madafa, su yi ta yawon duniya. Abin da ya daɗe yana ɗaure mana kai shi ne shayi kofi biyu da yake zubawa. Ɗaya ya shanye, ɗaya ya shiga mota da shi, ya fito bai ko kurɓa ba. Wai me yake yi da shi ne?

Maƙwabciyarsa Frauke Tammen ce ta warware mana. An yi wa mijinta Enno aiki a ƙashin baya, likita ya ce ban da jijjiga. Ga jikarsu ta fari an haifa a Norway, tsohon ya kafe sai ya je, kuma a tsohuwar motarsa ta kashe gobara da aka mayar gida, mai nauyin tan tara, don ita ce kaɗai zai riƙa tsayarwa ya miƙe a gado.

Da Frauke ta kawo motar garejin Ubbo a duba, Enno ya ce, "Motata ƙalau take, ta ci gwajin hukuma."

Ubbo ya ce, "Hukuma ba ta ciwon baya."

Ya haɗa shayi irin namu: dunƙulen sukari a ƙasa, madara mai kauri a sama, wadda ba mai hankalin da ke sa mata cokali. Ya ajiye kofin a teburin cikin mota, ya ce wa Frauke ta tuƙa su ta hanyar bulo ta gefen madatsar ruwa. Kafin su kai coci madara ta gauraye, rabin shayin yana kan faranti.

Da suka dawo Ubbo ya nuna wa Enno kofin, ya ce, "Ka gani, sarkin gardama? Motarka ta juya maka shayi, rashin kunyar da ko baƙo ba ya yi a garin nan. Shokazoba sun mutu."

Kwana biyu ya yi kwance a ƙarƙashinta, mutum ɗan shekara sittin da shida! Na baya sun tsiyaye mansu tas, gishirin hanya ya sa notuna sun yi tsatsa, sai da ya gasa su da wuta suka motsa. Enno ya ce a canja biyu sun isa, Ubbo ya ce huɗu ko a nemi wani. Sannan ya ƙi ɗaure notunan sai da aka sauke motar ƙasa, aka cika tankin ruwa, Frauke ta loda tukwanenta, wai ƙarfe ya san nauyin da zai ɗauka tukuna.

Aka sake bin hanyar bulo, wannan karon da Enno a kujera. Suka je suka dawo, madara na nan zaune a saman shayi. Enno ya goge ido da bayan hannu, ya ce, "Frauke, ban ji komai ba."

Ubbo, kai ne mai sauraron ƙarfe, kai ne ka duba bayan mutum kafin ka duba takardar mota. Ranar Juma'a za ka rufe gareji ka yi ritaya, kuma wallahi abin yana yi mana ciwo. Mun gode. Masu gyaran da ke tafe, ku yi koyi da shi, ku riƙa tambayar wanda zai zauna a kujerar.

Hoton da ke manne a bangonka ya ishe ka shaida: Enno a tsaye cak a Norway, da jaririya a ƙirjinsa. Ranar Juma'a mu za mu ɗora butar, kai ka zauna ka shanye kofi na biyun.