Dabarar dutse ta ba ni kunya a Ma'adi

Na duƙa ke nan kamar zan ɗauki dutse, sai ga karnuka sun yo kaina a guje, har da 'yan kwikwiyo.

Jama'a, a Zariya in ka yi wa kare haka, ko ƙurarsa ba ka gani.

Jiya ne na je unguwar Ma'adi a nan Alƙahira kai wa malaminmu littafi, na ɓace, na tura ƙofar wani lambu in yi tambaya. Ashe filin wasan karnuka ne. Masu su na zaune suna shan shayi, wata Bamisriya da usur a wuya tana lura da karnukan.

Kafin in miƙe sun kewaye ni suna kaɗa wutsiya, idonsu a kan hannuna. Ni ga farar jallabiya, ga La'asar ta kusa. Duk addu'ar da na haddace ta gudu.

Matar ta busa usur, suka zazzauna. Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya shaikh, sun ɗauka ƙwallo za ka jefa musu."

Na ce, "Ba sa cizo?"

Ta ce, "Mai cizo ba ma karɓarsa. Sai mun gwada tarbiyyar kare kafin ya shigo. Kai kaɗai ne ka shigo ba a gwada ka ba."

Har na dawo unguwarmu Madinat Nasr kaina a ɗaure. Karnukan nan ne ba su san duniya ba, ko kuwa namu na gida ne ba su taɓa ganin hannun mutum ya jefo abin alheri ba?

Ku warware min.