Hannayen Inna a akwatin Zurmi

Da kakar shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, wata safiya ana tsaka da sussukar gero a gidanmu na Ƙaura Namoda, Baba ya fito tsakar gida da kyamara rataye a wuya. Inna na zaune kan tabarma tana shiƙa, ƙaiƙayi na tashi yana sauka a kan kallabinta. Ni an sa ni korar kaji, ina yi ina ƙunƙuni, don ƙawayena na ƙofar gida suna carafke. Baba ya durƙusa kusa da faifan, Inna ta kau da kai ta ce, "Malam, ban da fuska." Ya ce, "Wa ya ce fuskarki nika so? Ci gaba da aikinki."

Baba mai hoto ne, yana da shago a hanyar tashar jirgi, da wani ƙurmusasshen ɗaki a baya wanda ya toshe tagarsa da buhu. Can yake wanke hoto ƙarƙashin jan ƙwan lantarki, cikin tire-tiren ruwan magani mai warin da ke kama tufafi. Hotunan fasfo da na biki su ne abincinmu. Amma abin da ransa ke so daban ne. Yana da abokai biyu masu irin ciwonsa, wani tela a Shinkafi da wani malamin makaranta a Zurmi, Malam Haruna. Duk wanda ya wanke hoton da ya burge shi sai ya sa a ambulan tare da guntun fim ɗin, ya manna kan sarki ya kai gidan waya, don abokin ya gwada wankewa da hannunsa. Nisan bai kai ya kawo ba, motar kasuwa ma za ta kai, amma sun fi son jira.

To, da yake hoton zai je hannun wani namiji ne, ba mai ɗaukar fuskar matarsa. Hannaye kawai suke ɗauka: a kan faifai, a kan taɓarya, a bakin ƙwaryar nono. Suna kuma ba a rubutawa a baya, kunya ba ta bari. Na tambayi Baba dalili, ya ce, "Ke ɗiyar ga, bakinki ya fi ki girma." Hoton shiƙar nan na gan shi yana ɗiga a igiyar shanya, washegari Baba ya aika shi Zurmi. Ko kallo na biyu ban yi masa ba. Hannun Inna ne, kullum ina ganinsa, har ranƙwashi ina sha da shi.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a telan Shinkafi ya ji wani wa'azi ya ajiye kyamara, ba wanda ya tilasta shi. Hoto mai kala ya shigo daga Gusau, ɗakin Baba ya koma wurin ajiye buhuna. Ina makarantar kwana Inna ta rasu wajen haihuwa. Muka birkice gidan kaf, ba hotonta ko ɗaya. Matar mai hoto! Baba bai daɗe ba ya bi ta.

Bayan na gama sakandare na hau mota zuwa Zurmi. Malam Haruna shi ma ya rasu, matarsa ce ta jawo mini akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ya haɗa hotunansa da na telan Shinkafi da na Baba wuri guda. Na zube su a tabarma, hannaye ne birjik, masu lalle da marasa lalle, na shiƙa kaɗai sun yi tuli. Na ɗaga wannan na ajiye, na ɗaga wancan. Tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, wanne ne na innarki?" Na sake bin su ɗaya bayan ɗaya, ban gane shi ba. Ta ce in ɗauki wanda raina ya kwanta da shi, ita ma ba ta iya fidda nata. Ban ɗauki ko ɗaya ba. Ba zan rataye hannun matar wani in ce na uwata ne ba.

Yanzu ƙanwata, wadda Inna ta bari a zanin goyo, tana ɗaukar kanta a waya safe da yamma, ta goge wanda bai yi mata ba. Takan tambaye ni ko tana kama da Inna. Ina ce mata e, kuma kowace shekara ina ƙara rashin tabbas.