Muryar da Ta Shiga Kyamararmu a Gozaki

Jama'a, ni ba mai yawan rantsuwa ba ne, amma wallahi wannan abu a kaina ya faru, shekarun baya lokacin da nake koyarwa a wata sakandare a Malumfashi. Darasina na ainihi Hausa ne, sai dai da yake na taɓa ɗan zama a gidan rediyo, sai aka ɗora mini kulob ɗin 'yan jarida, ina koya wa yara karanta labarai da riƙe kyamara da tace hoto a kwamfuta, da wata tsohuwar kyamara da sai an lallaɓa ta take kamawa.

A cikin yaran akwai wata Hafsatu, shiru-shiru, ba ta son fitowa a hoto ko kaɗan, ita dai a bar mata makirufo da iyafis, wato abin sauraron nan na kunne. Wata rana na tsokane ta na ce ko kunnenta ya fi na kowa ne, sai ta ce, "Malam, mahaifiyata ta rasu ina ƙarama. Fuskarta akwai hoto, amma muryarta na manta, ko a mafarki ba ta magana." Kai, ranar na yi da-na-sanin tsokanar nan.

Da kaka ta yi, na ba su aikin haɗa rahoto kan sana'ar gida, sai Hafsatu ta ce mu je Gozaki wurin kakarta Iya Kulu, wadda ta haifi mahaifiyarta, mai yin daddawa. Muka je da hantsi, ni da ita da 'yan kulob ɗin, tsohuwa ta baje kalwa a tabarma tana ta ba mu labari tana dariya, har tana cewa a gyara ta a hoton ta fito budurwa.

To, akwai wata ƙa'ida da nake matsa wa yara a kanta. In an gama hira ba a kashe na'ura nan take, sai kowa ya yi tsit na ɗan lokaci a ɗauki sautin wurin zalla, saboda in an zo tacewa da shi ake cike gurbi. Haka muka yi. Muka yi shiru a tsakar gidan nan, Hafsatu na riƙe da makirufo, ba abin da na ji sai kaji da iska a zangarniyar dawa. Ba wata mace a gidan sai Iya da 'yan matan da na zo da su, kuma ina kallon bakin kowa.

Washegari bayan an tashi na zauna tacewa, na kai wurin shirun nan, sai kawai na ji muryar mace, kusa sosai, ta fi ta Iya ma kusa da makirufo, a hankali ta ce, "Ke yarinyar nan, kin ci abinci kuwa?" Innalillahi! Na mayar baya, na sake ji. Na kira yaran ɗaya bayan ɗaya ban gaya musu komai ba, kowa ya sa iyafis sai ya zaro ido ya maimaita mini maganar. Da Hafsatu ta sa, ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Malam, kaji ne kawai." Yarinyar da ke jin ƙarar fanka daga wani aji!

Ban iya barin abin haka ba, ranar Asabar na ɗauki kwamfutar muka koma Gozaki da Hafsatu. Na sa wa Iya a kunne. Wallahi ina kallo fara'ar nan ta gushe, ta dafa ƙasa ta zauna sosai, ta yi salati, hawaye na bin fuskarta.

"Binta ce," in ji ta. "Malam, ni na haife ta, ba zan kasa gane ta ba. Wannan yarinyar ita ce 'yarta ta fari, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunanta ba, haka take ce mata."

Hafsatu ta karɓi iyafis ɗin, ta ƙure ƙara, ta saurara, ta sake, ta sake. Ba komai. Sai ta juyo ta ce, "Malam, don Allah yaya muryar take?" Ni da nake koya musu yadda ake ba da labari, iyakar abin da na iya shi ne na ce mai sanyi ce, da ɗan kaushi kamar mai mura. Na san ban ba ta komai ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Iya ta share ido ta ce, "Wataƙila rahama ce da ba ki ji ba. Ba a amsa wanda ba a gani, kin ji ko?" Hafsatu ta gyaɗa kai. Amma da muka tashi tafiya sai ta tsaya daidai inda ta riƙe makirufo ran nan, ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Na ci, Umma."

Na tambayi masana na'ura, wani ya ce wata tasha ce ta kutso, wani malami ya ce in yi addu'a in bar zancen. Ni dai ban sani ba, Allah ne masani. Hafsatu tana nan lafiya, ta yi aure, na tura mata sautin a wayarta, ta ce mini takan kunna lokaci-lokaci, kuma har yanzu kaji take ji.

Shi ya sa nake roƙonku, duk wanda mahaifiyarsa ke raye, yau ɗin nan ya kunna wayarsa ya ajiye kusa da ita, ko faɗa take yi masa ya ɗauka.