Gwaggo Rifkatu da Wayar da Ta Ƙi Ɗauka

Duk wanda ya saba bin bakin kanal da hantsi a ƙauyen nan namu, tsakanin Kura da Bunkure, ya san Gwaggo Rifkatu tun daga nesa. Ba da fuska ake gane ta ba, da takalmi. Tana tafe ƙafa a ƙasa, takalman robarta kuwa suna zaune a ka, bisa ƙunshin albasa, sai ka ce su ne manyan baƙi. In ka ce, "Gwaggo, ga ƙaya, ga zafin ƙasa," sai ta harare ka ta ce, "Ƙafa in ta tsage Ubangiji yana ɗinke ta da kansa. Takalmi fa? Ka taɓa ganin wanda ya warke?" Sai ta isa ƙofar gidan da za ta sannan ta sauke su, ta zura, ta yi sallama kamar wadda ta sauko daga mota.

Kun ce ni Hannatu in faɗi wani abu a kanta yau da muka taru, tunda 'yar ƙaninta ce ni, kuma a ɗakinta na tashi bayan rasuwar mahaifiyata. To zan faɗa. A wani wurin za ku yi dariya, a wani kuma ku yi haƙuri da ni.

Aikin Gwaggo biyu ne a duniya: noman albasa da gaisuwa. Ba ta san gidan Kirista ko na Musulmi ba in ana maganar gaisuwa. An haihu, ta je. Akuya ta ɓata, ta je jaje. Har rugar Fulanin da ke bayan kanal takan taka, don kawai ta ji an ce tsohuwarsu tana tari. Shi ya sa duk abin da zai zaunar da mutum wuri ɗaya ya zama abokin gabarta, kuma a shekarun nan da kayan zamani suka fara kwararowa ƙauye, kai, ta yi abokan gaba!

Kun tuna lokacin da matasan majami'armu suka sayo janareta da fiyano da lasifika biyu manya kamar rumbu? Ranar da aka fara kunna su, jarirai suka ɗauki kuka, ƙadangaru suka bar jikin bango. Gwaggo, wadda ita ke kaɗa tulu a zumuntar mata, ta toshe kunne da gefen ɗankwali ta ce wa shugaban matasa, "Ɗana, wa ya ce muku Allah ya kurumce?" Ya ce, "Mama, ci gaba ne." Ta ce, "To Allah ya kai ku."

Bai kai su ba. Ana tsakiyar waƙar yabo, injin ya yi tari biyu ya mutu. Majami'a ta yi tsit. Mutanen da suka girma da waƙar nan a baki, kowa ya tsaya yana kallon fiyano, kamar a cikinsa aka kulle baitocin. Sai ga muryar Gwaggo daga ɓangaren mata, mai kaushi kamar ana jan kwano a ƙasa, ta ɗora daidai inda aka tsaya, tana dukan tulunta. Da ta kai ƙarshen baiti ta waiwaya ta ce, "Man yabon naku ya ƙare? Nawa da tuwon dawa yake aiki." Fasto sai da ya ɓoye fuska a bayan mumbari.

Sai kuma talabijin. Wani dattijon ikkilisiya ya sayo, har da faifan wani mai wa'azi na birni, mai farar kwat, wanda ke cewa marasa lafiya su ɗora hannu a gilashin su warke. Muka lallaɓa Gwaggo ta je saboda ciwon gwiwarta. Tana leƙa ɗakin ta ja da baya ta kama ƙirji.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Gwaggo, kallo ake."

"Ɗaki cike da mutane, kowa ya yi shiru ya fuskanci gefe ɗaya, ku ce min ba makoki ba ne?"

Da ƙyar ta zauna. Ta dubi mai farar kwat ɗin, ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Ina gajiya?" Mutumin ya ci gaba da ihunsa. Ta sake gaishe shi. Na ce, "Gwaggo, ai ba ya jin ki." Ta ce, "Au! Ba ya jin gaisuwata, amma ya san gwiwata?" Ta miƙe tana ɗingishi. "Ku bar ni da Fastonmu. Addu'arsa ba ta cika sauri ba, amma yana zama ya sha kununa."

Duk wannan wasa ne. Babban faɗan da waya aka yi shi.

Yaya Bulus shi ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda ta haifa. Don alkunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan yaron". Ya sami aiki a Fatakwal, amma duk Kirsimeti yana gida. A shekarar da nake ba ku labari, Gwaggo ta yanka zakara, ta yi shinkafa daga sabon girbi, ta zauna a ƙofar gida tana kallon hanya. Sai ga direban motar tumatir da ɗan kwali a hannu.

"Ina shi?"

"Ya ce aiki ya riƙe shi, Mama. Amma ga wannan, ya ce kullum za ki riƙa jin muryarsa."

Ta buɗe, ta juya wayar gaba da baya, ta shinshina. "Na goya mutum a bayan nan, an maido min da sabulu." Ta ajiye ta a gefen kwanon nama ta ce, "To bismilla, ci cinyar mu gani." Muka yi ta dariya. Ita ba ta yi ba. Daga ranar ta raɗa wa waya suna Hana-zuwa, ta tura ta cikin tukunyar daddawa, sai da na je na ceto ta. Wata guda tana wari.

A lokacin ba a samun sabis ko'ina sai kan gadar kanal. Nan za ka ga mutane tsaitsaye, hannu a sama, kamar masu roƙon ruwa. Gonar Gwaggo tana ƙasan gadar daf. Duk Lahadi bayan sujada nakan hau, Yaya ya kira, mu gaisa, ya ce, "Ki miƙa wa Mama mana." In leƙo in ce, "Gwaggo, ga shi yana son gaishe ki." Ko ɗagowa ba ta yi. "Ki ce masa ƙofata ba ta da lamba, a buɗe take."

Na kai ƙara wurin Fasto. Ya zo har gida, ya sha kunu, ya fara bayani a hankali cewa waya ma baiwa ce daga Allah. Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Fasto, kai ka yi karatu. Da Allah ya tashi cetonmu, ba annabawa ya yi ta aikowa ba?"

"Haka ne, Mama."

"Da abin ya yi tsanani fa, me ya yi?"

"Ya zo da kansa."

"Da jiki?"

"Da jiki."

"Ya ci abinci da mutane, ya taɓa kutare da hannunsa?"

"Ƙwarai."

"Ato! Bai tsaya a sama ya yi mana filashin ba. Wancan yaron ya fi shi aiki ne?"

Fasto ya shanye kununsa ya tafi. Lahadin da ta biyo baya muka ji maganar nan kaf a wa'azi, ko sunan mai ita bai ambata ba. Gwaggo ta zunguri ta kusa da ita ta ce, "Kunun ma nawa, wa'azin ma nawa."

Mutum ɗaya ne na ga ya rufe mata baki, Malam Sule, maƙwabcinta na gona, wanda suke raba ruwa tun ina yarinya. Wata rana ya idar da sallar la'asar a bakin fangalinsa, ya ce, "Rifkatu, ki ji tsoron Allah, ki amsa wa yaron nan. Ni nawa yana Legas, kullum muna magana."

"Yaushe rabonka da ganinsa?"

Malam Sule ya sosa gemu. "An kwana biyu."

"Ato."

"Amma ni dai ina jin muryarsa. Ke me kike ji?"

Ta sunkuya ta ci gaba da cire ciyawa. Da muka koma gida na yi zaton ta sauko. Ina! Da safe ta ce min, "In na amsa sau ɗaya, shi ke nan, ya sami hanya mai sauƙi. Ba zan ƙara ganinsa ba." Shi kuma Yaya, jininta ne ai, ya ce, "Wadda ba za ta ce min ko sannu ba, in zo in yi mata me?" Yana aiko da atamfa, tana ninkewa ta sa a akwati. Tana aika masa da albasa da kuka ta hannun direba, ba saƙon baki ko ɗaya. Wata Kirsimetin ta sake wucewa a haka, ni ina tsakiya kamar igiyar shanya.

Da rani, wata Lahadi, ya kira. Da ƙyar na gane muryarsa. Ya ce zazzaɓi ne, yana kwance a asibiti. Ya ce, "Hannatu, don Allah, ko kalma ɗaya ta ce min." Na sauko da gudu har bakin gonar. Tana cikin ruwa, zane a ɗaure, tana buɗe wa albasa hanya. Na faɗa mata. Ta miƙe tsaye, ta goge hannu a zanenta. Ta ɗan tako zuwa wurin gadar, sai ta tsaya.

"In ba shi da lafiya ya taho gida. A can wa zai dama masa kunu? Ki ce ya taho, ni zan yi jinyarsa."

Kada ku ɗauka rashin tausayi ne. Ta gaskata har zuciyarta cewa wannan karon zai zo. Da yammar nan ta share ɗakinsa, ta shanya katifa, ta jiƙa gero. Kafin Lahadi ta zagayo, wani abokin aikinsa ya kira ni, a kan wannan gadar dai, ya ce Yaya Bulus ya cika.

Da motar ta tsaya a ƙofar gida aka sauko da akwatin, Gwaggo ta dafa shi da tafin hannu ta ce, "Ga shi ya zo." Sannan aka kai shi makwancinsa.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata safiya ta ce, "Ɗauko abin nan, ki raka ni." Muka hau gadar, tana jan gwiwa. Ta ce, "Kira shi."

"Gwaggo..."

"Na ce ki kira."

Na danna, na kara mata a kunne. Ta riƙe da hannu biyu, kamar za ta zube. Muryar macen nan ta kamfani ta fito tana Turanci, cewa wayar a kashe take.

"Wace ce wannan?"

"Ta kamfani ce, Gwaggo. Ba mutum ba ce."

Ba ta saurare ni ba. Ta gyara murya irin ta gaisuwa ta ce, "'Yata, sannu da aiki. Ki ce masa uwarsa ce." Muryar ta sake maimaita abin da ta faɗa. Gwaggo ta jira ta gama, don ba ta katse mutum. Sannan a hankali ta ce, "Bulus. Sannu, Bulus." Ranar na fara jin sunan a bakinta.

A hanyar komawa ta ce min, "Abin nan bai hana shi zuwa ba. Ni da shi muka yi. Ina nan kan maganata, zuwa ya fi. Amma Shi wanda ya zo da kansa ɗin, ai in an kira shi yana amsawa. Nan ne karatuna bai kai ba."

Ba ta taɓa yarda ta mallaki waya ba har ta mutu, kada wani ya ƙara wa labarinta gishiri. Sai dai ta koma tare 'yan ci-rani masu aiki a gonakin shinkafa tana tuhuma: "Kai, ka kira uwarka? To ka kira. Ka kuma je, kada in ji!" Gonar ma ta rage shiga, Malam Sule ke buɗe mata ruwa. Jikin ya yi ta raguwa, tun tana fita gaisuwa har ya zama ita ake zuwa gaisarwa.

A ciwonta na ƙarshe Fasto ya zo yi mata addu'a. Mun durƙusa, ya ɗora mata hannu, ya yi nisa, sai wayarsa ta ɗauki kuka a aljihu. Bawan Allah ya rikice, yana lalube yana neman kashewa, gumi na zuba. Gwaggo, wadda muke zaton ba ta san inda take ba, ta buɗe ido ɗaya.

"Ɗauka, Fasto."

"A'a, Mama, addu'a muke."

"Ɗauka, na ce. Allah zai jira, shi ba ya katsewa. Na cikin wayar ne ban sani ba."

Ya fita ya ɗauka. Ya dawo muka ƙarasa addu'ar, ta ce amin da ƙarfinta. Ba ta ƙara mako ba.

Ya Ubangiji, ga baiwarka Rifkatu, da taurin kanta da duka, ka fi mu saninta. Ka ba ta hutu a wurinka, ka share mata hawayen da ta ƙi yi a gabanmu. Ka zaunar da ita kusa da ɗanta, su gaisa a tsanake. Mu da muka rage, ka tausasa mana zuciya tun da sauran lokaci. Cikin sunan Yesu, amin.