Gwafar Sa a Rufin Gidanmu

Shekarar da Baba ya yanka sa a layya, ina aiki a wata masana'antar kujeru a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta birninmu, a nan ƙasar Larabawa. Duk tsawon rayuwarsa rago yake yankawa, wata shekarar ma akuya. Wannan karon kuwa bajimi ne baƙi, wanda tun saura mako guda 'yan lungunmu a unguwar Sharafiyya suke zancensa.

Na gayyaci abokin aikina, wani masassaƙi ɗan ƙabilar Naga daga duwatsun gabashin Indiya. Kirista ne, Larabcinsa guntu-guntu. Muna sauke naman daga mota bayan mun dawo daga mayanka, ya hango kan bajimin. Ya kama ƙahonin da hannu biyu, ya auna su da kamu, yana ta dariya.

"Duk wa zai ci wannan?" ya tambaye ni.

Na ce maƙwabta da dangi da mabuƙata.

Nan ya zauna kan bokiti yana ba mu labari, ni ina fassara wa Baba. A ƙauyensu, zamanin kakansa, wanda ya yanka babban sa ya ciyar da gari kaf, shi ake kafa wa gwafa a ƙofar gida, a sassaƙa kan sa a jikinta. Shi kaɗai ke da ikon yafa wani irin mayafi, matarsa ma haka. Kakansa ya tara gwafanni jere, baƙo na shigowa ya san gidan wa ya zo.

"Hajji, kai ma ka cancanci gwafa," ya ce.

Baba ya girgiza kai. "Gaya masa, ya waladi, ɗana, tamu don Allah ake yi, ba don a gani ba. Kuma ba na ajiye siffar dabba a gida."

Abokina ya ce, "To ƙaho kawai. Ba ido, ba baki."

Baba ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce, "Halas. Amma a rufin gida, ba a ƙofa ba."

Bayan hutun Sallah abokina ya iso da gwafar a kafaɗa, ta kai tsayina, sai ƙamshin sabon katako take. Yara suka biyo shi har sama suna ihun "yalla yalla", wato maza-maza. Muka kafa ta kusa da tankin ruwa, Umma ta rangaɗa guɗa, matan bene na biyu suka hau kallo da kofunan shayinsu.

Da la'asar ƙanen Baba ya zo daga unguwar Aziziyya. Ya zagaya gwafar, ya shafa ƙahonin, ya ja ni gefe ya tambayi inda ake samun shanu masu kyau.