Mai Ɗanɗana Gishiri

A shekararmu ta uku a jami'a a Wudil, ƙawata ta fara sayar da dambun nama. 'Yar garin Indabo ce kamar ni, tun firamare tare muke, ɗakinmu ma ɗaya. Ranar Juma'a take sayo nama, ta dafa, ta daka, ta soya, kuma ba ta sauke kasko sai ta miƙo min cokali ta ce, "Ɗanɗana min gishiri."

Da farko na taya ta murna. Amma da ta buɗe shafi a intanet, masu saye suka riƙa nemanta har daga Kano, malamai suna tare ta a hanya suna yaba mata, sai abin ya tsaya min a wuya. Ni na fi ta maki, amma ita aka sani. Hassada ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta. Na san an ce hassada ga mai rabo taki ce, ban fasa ba.

A aji na ji ana zancen VPN, wai manhaja ce mai ɓoye inda mutum yake. Ban yarda da ta kyauta ba, ta kuɗi na saya don a rufa min asiri da kyau. Ina kunnawa ta nuna ina wata ƙasar Turai, alhali ina zaune a bakin gadona. Na buɗe sabon shafi da sunan bogi. Da aka nemi lambar waya na sa tawa ko a jikina, tunda ai ina Turai. Sannan na rubuta a ƙarƙashin hoton dambunta cewa gishiri ya yi yawa, kada kowa ya saya.

Washegari da hantsi tana zuba dambu a robobi, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Wayata ta kawo min wani sabon shafi, wai mai shi yana cikin lambobina. Sunan da na ajiye ki da shi na gani."

Abin da kawai ya fito daga bakina shi ne, "Ai na kunna VPN."

"Garin da kike kaɗai VPN ta ɓoye, ƙawata. Lambar kuwa ke kika ba su da hannunki."

Ba ta faɗa wa kowa ba, ba ta kuma goge rubutun ba. Da Juma'a ta zagayo na zauna kusa da risho kamar kullum. Ta ɗebo dambu da cokali, ta hura, ta ɗanɗana da kanta, ta sauke kaskon.