Hoton Kan Baba Birki

Aikina ɗaukar hoton cikin jikin mutane ne a babban asibiti. Ɗakinmu yana can ƙarshen baranda, bayan wajen gwajin jini, kuma kullum da sanyi yake ko da garin ya ɗauki zafi, saboda na'urar ba ta shiri da zafi. Na'urar wata ƙatuwar aba ce mai rami a tsakiya, da maganaɗisu take aiki. Mutum yakan kwanta a siririn gado, gadon ya zarce da shi cikin ramin, ni kuma ina zaune bayan gilashi ina duba abin da ke fitowa a kwamfuta. Mutanen da na kwantar a gadon nan ba sa ƙirguwa, yawancinsu ko a hanya muka haɗu ba zan gane su ba. Baba Birki ne dai ba na jin zan manta.

Direban tirela ne. Tun yana saurayi 'yan tasha suka laƙaba masa Birki, wai ƙafarsa ta fi sanin birki a kan totur, da furfura ta fito kuma suka ƙara masa Baba. Abokansa sukan ce in ka ɗora masa ɗanyen tumatir, kafin ya kai shi ya nuna. Shi dariya kawai yake yi, ya ce sannu ba ta hana zuwa. Ya tsufa a kan hanya ko kaza bai taɓa takawa ba. Da tuƙin nan ya gina ɗan gidansa, ya sa 'ya'yansa a makaranta, har babbar 'yarsa ta zama malama. Tun daga nan ya daina kiran matarsa da komai sai Maman Malama.

Wata rana da rana tsaka suna gangarowa daga wani tudu da lodin siminti, shi da abokin da suke karɓa-karɓar sitiyari, mutumin da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya. Tayar wata bas ta fashe, ta yo kansu. Baba ya kauce mata. Fasinjojin bas suka tsira, tirela kuma ta faɗa rami ta gefen da abokin yake zaune. Abokin bai kai asibiti ba. Baba kuwa ko ƙwarzane bai samu ba. Kowa ya shaida ba laifinsa ba ne, har wasu daga cikin fasinjojin suka nemo gidansa suka yi masa godiya.

Bayan an share makoki ya koma tasha, ya hau mota, ya ɗora hannu a sitiyari, sai hannun ya kama rawa. Ya sauko ya ce gobe. Gobe ta yi, haka. Mai motar ya jira har ya gaji ya ba wani. Maman Malama ta ba ni labari daga baya cewa mutumin da ke cika gida da hira ya koma zaman ɗaki, rediyo ma a kashe. Barci ya ƙaurace masa. In mota ta yi oda a layinsu sai gumi ya karyo masa, ya riƙe bango. Abin da ya fi ci masa rai maganar 'yan uwa. Suna kallonsa garau, yana ci yana sha, sai suka fara cewa ai wanda ya mutu ya riga ya mutu, ya tashi ya nemi na kansa. Ƙaninsa ma a gaban yara ya ce masa son jiki ne ya same shi da tsufa.

Malama ce ta matsa sai an kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Ta ce ta sani, amma ba za ta koma aji ba sai ya sa takalmi. Da ya ga da gaske take, har ta aje jakarta ta zauna a bakin ƙofarsa, ya tashi ya bi ta.

A sashen akwai wani likita da ke bincike a kan mutanen da suka tsira daga haɗarin mota. Yana so ya gano ko akwai bambanci tsakanin ƙwaƙwalwar waɗanda tsoro ya zauna musu da ta waɗanda abin ya wuce musu. Ya yi wa Baba bayani, ya ce ba dole, kuma ko ya ƙi za a ci gaba da duba shi yadda ake yi. Baba bai bari ya gama ba ya ce ya yarda. Abin da ke ransa daban ne: yana so a ɗauki hoton ciwon ya kai wa ƙaninsa, tunda gani ya kori ji.

Haka ya iso ɗakina, dogo, siriri, ya sha guga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na ce ya cire duk wani ƙarfe da ke jikinsa. Ya zube agogo da makullai da zobe, sannan ya tambaye ni ko taurin kai ma ƙarfe ne, don matarsa ta ce yana da shi. Na sa masa abin toshe kunne, na lulluɓa masa bargo, na ba shi ƙwallon roba a hannu, na ce in ya ji ba zai iya ba ya matsa, zan fito da shi nan take.

Na'urar nan in ta fara aiki ƙara take yi kamar ana dukan ƙarfe da guduma. Ko zama ban gama yi ba ya matsa ƙwallon. Na fito da shi rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Ya zauna a bakin gado, sannan ya ba ni haƙuri wai ya ɓata mini lokaci. Na ce masa mutane da yawa haka suke yi, kuma ba lallai ya dawo ba. Ni dai na riga na cire rai da dawowarsa.

Mako na zagayowa na same shi a benci tun kafin in buɗe ƙofa. Ya ce, "'Yata, yau kada ki kunna. Ki bar ni in kwanta a ciki kawai, mu saba da juna."

Na yi yadda ya ce. Ya kwanta a ramin, na'ura a kashe, ina yi masa magana ta lasifika, yana ba ni labarin garuruwan da ya ratsa da wuraren da ya taɓa kwana a ƙarƙashin mota. Zuwa na gaba muka kunna, ya jure har ƙarshe. Da ya fito na tambaye shi yadda ya yi, ya ce kunne ya kasa mata kamar yadda yake kasa wa inji, yana rarrabe ƙarar, wannan na sama wannan na ƙasa. Ya ƙara da cewa da motarsa ce ke wannan kukan da tuni ya kai ta gareji.

Ranar da likita ya kira shi ya ga hoton ina wurin, don ni na buɗe masa a kwamfuta. Baba ya matso da kujera, ya sa tabarau, ya ƙura wa allon ido. Ya ce a nuna masa wurin. Likita ya gaya masa gaskiya: babu ƙari, babu jini, babu rauni, hoton lafiya lau yake.

Na ga fuskarsa ta canza. Ya cire tabarau a hankali ya ce, "Ashe ƙanina ya fi ni gaskiya ke nan."

Likita ya juyo da kujerarsa ya fuskance shi. Ya ce, "A'a, Baba. Ciwonka gaskiya ne, kuma muna da sunansa, muna da maganinsa. Na'urar ce ba ta kai ta nuna shi a kan mutum ɗaya ba. In ma akwai alama, ƙanƙanuwa ce, sai an tara hotunan mutane masu yawa an gwama sannan wataƙila a hango ta. Abin da muke nema ke nan, kuma ba mu samu ba tukuna."

Na zaci tashi Baba zai yi ya tafi. Sai ya tambaya mutum nawa aka samu a binciken. Likita ya ce kaɗan ne, mutane ba sa son a gan su a wannan sashe. Baba ya gyaɗa kai, ya ce shi ya san inda suke. Ya ce tasha cike take da direbobin da suka aje sitiyari, wannan ya ce bayansa ne, wancan ya ce idonsa ne, alhali kowa ya san ranar da abin ya fara.

Daga nan ya ɗauki aikin da ba wanda ya sa shi. Yakan je tasha ya zauna a rumfar da direbobi ke hutawa, ba ya yi wa kowa wa'azi, labarin kansa kawai yake bayarwa, har da jiƙewar riga. Mutumin da aka sani da natsuwa in ya ce hannunsa na rawa, sai ka ga wani ya sunkuyar da kai. Bayan an watse wannan ɗin zai biyo shi a gefe. Da farko an yi masa dariya, wasu suka ce asibiti ta ɗauke shi kamasho. Bai kula ba. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa kawo su, kuma ba ya barin mutum a bakin ƙofa ya juya. Yakan zauna da shi a benci, ya riƙe masa agogo da makullai, in an fito ya raka shi har bakin titi. Da likita ya ce ana bukatar waɗanda suka yi haɗari amma ba abin da ya dame su, don a gwada, su ma ya nemo su, yana ce musu su zo a ɗauki hoton kan da ba ya jin komai a ga ko akwai wani abu a ciki.

Akwai wani ƙato da suke kira Gingimari, muryarsa kaɗai ta isa ta buɗe hanya. Yana ganin ramin na'urar ya ce shi fitsari yake ji. Baba ya bi shi har ƙofar banɗaki ya tsaya, ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ma nan ya fara. Da na yi wa Gingimari tambayoyin da nake yi wa kowa, sai ta fito cewa ya taɓa aikin walda, kuma ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa. Na ce ba zan sa shi a na'ura ba, maganaɗisun zai iya yi masa illa. Murna ta kama shi, ya fara neman takalmi. Baba ya riƙo hannunsa ya ce hoto ne aka hana shi, ba magani ba, ya ja shi zuwa ofishin Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke zama da masu irin wannan damuwa tana sauraronsu. Gingimari ya fi kowa daɗewa yana zuwa wurinta.

Bencin ƙofata a hankali ya zama majalisa. Waɗanda aka gama da su ma sukan dawo rakiya, hira ta ɓarke, wani ya faɗi abin da ko matarsa bai taɓa gaya wa ba. Da surutu ya fara damun masu jiran gwajin jini, Sista ta samo musu wani ɗaki da ake aje tsofaffin kujeru, ta sa musu rana guda a mako. Baba ne ke zuwa da wuri ya share ya jera kujerun.

Shi kansa sauƙi ya zo masa a hankali, da magani da zaman Sista. Barci ya dawo, rediyo ta dawo. Bai sake jan tirela ba, kuma ya daina jin kunyar faɗin haka. Ya samu aikin duba lodi a tasha, yana zagaya mota yana taɓa igiya da taya kafin ta tashi, matasan direbobi suna ƙorafin ya cika bin diddigi.

Binciken ya ɗauki shekaru. Da aka kammala likita ya tara su a ɗakin nan ya gaya musu sakamako ba tare da ƙari ba: an ga ɗan bambanci, amma bai kai a ce za a dubi hoto a gane mai ciwo ba, sai wasu sun ɗora daga inda aka tsaya. Wasu suka ɗan yi gunaguni. Baba ya ce ai ko hanya ba rana ɗaya ake shimfiɗa ta ba, wani ya zuba tsakuwa wani ya zuba kwalta, su sun zuba tasu.

Ganina da shi na ƙarshe wata safiya ce, na fito zan karɓo wata mara lafiya. Yana tsaye a baranda, ya ɗan ranƙwafa fiye da da, tare da wata mata mai kamar shekaruna, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji. Na gaishe shi, na ce ai Baba an rufe bincike tuni. Ya ce ya sani, ba hoto suka zo ba. 'Yar kasuwa ce, maƙwabciyar Malama, tun da motar da ta shiga ta kife ba ta sake yarda ta hau komai ba, yau ma a ƙafa suka zo, shi ya sa suka yi sammako. Sun je ofishin Sista sun tarar an mayar da shi wani wuri.

Na ce an kai shi sama, hawa na biyu. Matar ta dubi lif ta dube ni. Baba ya ce mata kada ta damu, shi ma matakala ya fi so, ya karɓi jakar ya riƙe mata. Na bar mara lafiyata ta ɗan jira, na wuce gaba ina nuna musu hanya.